Shirun Aro: Sharhi a kan Ɗakin Gilashin da Ke Neman Gadon Ofis

Gabatarwa

A shekarar da na yi hidimar ƙasa, an tura ni wata ma'aikata mai zaman kanta a Abuja, a hawa na uku na wani dogon bene. Mu kusan 40 ne a zaure ɗaya mai faɗi, tebur na gogar tebur, babu abin da ya raba wani da wani sai allon kwamfuta. A kusurwar gabas an girke wasu 'yan ɗakuna biyu na gilashi, kowanne da ƙyar za a shimfiɗa dadduma ɗaya a cikinsa. Akwai kujera guda, da 'yar kanta ta ɗora kwamfuta, da fitila, da wurin cajin waya. Idan mutum ya shiga ya ja ƙofa, sai hayaniyar ofis ta yi ƙasa kamar ya nutsa kansa cikin ruwa. Masu ƙera shi sun raɗa masa suna da Turanci mai ma'anar kwasfar wake, wato abin da ke lulluɓe ƙwaya ya kare ta. Abokan aikina Hausawa kuwa akurki suke ce masa. A wannan maƙala zan kira shi ɗakin shiru, domin shiru ne hajar da ake sayarwa a cikinsa.

Masu tallar wannan ɗaki suna da da'awa babba. Suna cewa zamanin ofishin mutum ɗaya, mai bango da ƙofa da suna a jikin ƙofar, ya shuɗe; ma'aikata ta sayi 'yan waɗannan ɗakuna ta jera a gefe, duk mai buƙatar keɓewa ya shiga ya fito, an huta da gini. Adabi na karanta a jami'a, kuma abin da malamaina suka koya mini shi ne in saurari abin da matani yake faɗa game da kansa, sannan in nemo abin da ya yi gum a kai. Ɗaki ma matani ne, domin yana gaya wa na cikinsa matsayinsa. Da wannan fahimta zan ɗora ɗakin shiru a kan ma'auni uku: kunne, da ido, da lokaci. Abin da na gano shi ne ya ci jarrabawar farko, ya tsallake ta biyu da ƙyar, ya faɗi ta uku, kuma ta ukun ce take bambanta ofis da mafaka.

Yadda Aka Rushe Bango

Ba a gane magani sai an san cutar da aka haɗa shi dominta. Buɗaɗɗen ofis tsohon abu ne. A farkon ƙarni na 20, lokacin da kamfanonin Amurka suka cika da akawuna da masu buga tafireta, an jera su layi-layi a manyan zauruka kamar 'yan makaranta, shugabanni suna kallonsu. Ginin kamfanin Larkin da Frank Lloyd Wright ya zana a birnin Buffalo, wanda aka kammala a 1906, shi ne mashahurin misali: fili ɗaya a tsakiya, benaye kewaye da shi, kowa yana ganin kowa. A 1911 Frederick Taylor ya fitar da littafinsa kan tafiyar da aiki bisa awo da lissafi, ra'ayin da ya mayar da kowane motsin ma'aikaci abin ƙirgawa. Ga mai irin wannan tunani bango asara ne, tunda abin da ba a gani ba a iya auna shi.

A ƙarshen shekarun 1950 wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa, Eberhard da Wolfgang Schnelle, waɗanda kamfaninsu ya ɗauki sunan garin Quickborn da ke kusa da Hamburg, suka zo da salo mai taushi. Suka watsar da layuka, suka rarraba tebura rukuni-rukuni bisa yadda takardu da magana ke gudana tsakanin mutane, suka sa tukwanen shuke-shuke a matsayin iyaka. Daga nan Robert Propst na kamfanin Herman Miller a Amurka ya lura cewa ma'aikaci na buƙatar wani abu da zai kare bayansa, ya fito da sabon tsarin kayan ofis a 1964, ya sake masa fasali a 1968 da shingayen da ake haɗawa a kwance. Burinsa kowa ya tsara wurinsa yadda aikinsa ya buƙata. Kamfanoni kuwa suka hango hanyar cusa mutane da yawa a ƙaramin wuri, suka mayar da shingayen murabba'ai masu kama da juna, ɗaruruwa a hawa ɗaya. Kafin rasuwarsa a 2000, Propst ya fito fili ya soki abin da aka yi da ƙirƙirarsa.

Bayan haka kamfanonin fasaha suka kwashe shingayen ma, da sunan haɗin kai da musayar ra'ayi. Bincike bai gaskata wannan alkawari ba. A 2018 Ethan Bernstein da Stephen Turban na Jami'ar Harvard suka buga sakamakon bin diddigin ma'aikatan wasu manyan kamfanoni biyu, kafin a cire musu shinge da bayan an cire, ta hanyar rataya musu na'urorin da ke lura da mu'amala. Magana ido da ido ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, saƙonnin imel da gajerun saƙonnin kwamfuta suka ƙaru. Da aka hana mutane bango, sai kowa ya toshe kunnuwansa da na'urar sauraro ya kafa ido a allo.

A wannan gurbi ne ɗakin shiru ya tsiro. Kamfanin Framery, ɗaya daga cikin fitattu a wannan sana'a, an kafa shi a 2010 a birnin Tampere na ƙasar Finland, kuma labarin da kamfanin ke bayarwa game da asalinsa shi ne waɗanda suka kafa shi sun gaji da jin shugabansu yana waya a tsakiyar ofis. Annobar korona ta 2020 ta ƙara wa kasuwar wuta. Mutane suka saba da taro ta Zoom da Teams, da suka koma ofis kuma sai ga mutum goma kowa yana magana da allonsa a lokaci guda. Tarihin ke nan a taƙaice: an shekara ɗari ana rushe bango, yanzu ana sayo shi guntu-guntu a cikin kwali.

Ma'auni na Farko: Kunne

Adalci ya wajabta in fara da abin da ɗakin ya iya. Abin da ya fi hana ma'aikaci tunani shi ne ma'anar sauti, ƙararsa tana baya. Mutum na iya rubutu kusa da janareta ko ƙarƙashin ruwan sama mai dukan kwanon rufi, domin hankali yakan saba da irin wannan ƙara ya yi watsi da ita. Maganar da ake ganewa kuwa ba ta barin kunne ya huta. Tun 1953 masanin nan na Ingila, Colin Cherry, ya yi nazarin yadda mutum ke tsinto murya ɗaya daga cikin muryoyi masu yawa, baiwar da ke da amfani a kasuwa amma take zama azaba ga mai son haɗa jimla. Wani bincike da Lauren Emberson da abokan aikinta suka buga a 2010 ya nuna cewa jin rabin hira, wato mutum yana waya kana jin nasa ɓangaren kawai, ya fi ɗauke hankali a kan jin hirar gaba ɗaya, saboda ba a iya hasashen abin da zai biyo baya. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai waya a motar haya ya san haka tun kafin masana su auna.

Don wannan matsala takamaimai aka ƙera ɗakin shiru. Bangonsa hawa-hawa ne: katako ko ƙarfe mai nauyi don tare sauti, da wani abu mai laushi kamar bargo daga ciki don shanye amsa-kuwwa, da gilashi mai ninki wanda aka manne da siririn roba a tsakani, da wata robar a bakin ƙofa mai toshe duk wata kafa, domin sauti kamar ruwa yake, ƙaramar ɓaraka ta ishe shi. A 2020 hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, ISO, ta fitar da ƙa'idar gwada irin waɗannan ɗakuna, mai lamba 23351-1, wadda ke auna abin da ɗaki ke ragewa daga muryar mai magana a cikinsa. Masu inganci daga cikinsu suna rage kimanin desibel 30, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Hira ta yau da kullum tana kai kimanin desibel 60, kuma kunne na jin kowane ragin desibel 10 kamar an raba ƙarar biyu. Wato muryar ba ta ɓacewa ƙurmus, sai dai ta koma gunaguni wanda hayaniyar ofis ke haɗiyewa har ba a iya tsintar kalma. Cewa ɗakin yana hana sauti fita ƙarin gishiri ne irin na talla. Abin da yake hanawa shi ne a gane maganar, kuma wannan ya wadatar.

Ni shaida ce a kan amfaninsa. A cikinsa na rubuta rahoto na farko da shugabar sashenmu ta mayar mini ba tare da jan biro ba. Yana kare na ciki daga surutun waje, yana kuma kare sauran jama'ar zauren daga surutun na ciki, kuma a ganina wannan na biyun ne babban alherinsa.

Ma'auni na Biyu: Ido

A 1853 marubucin Amurka Herman Melville ya buga gajeren labarinsa na Bartleby, wani magatakarda mai kwafar takardu a ofishin wani lauya a titin Wall Street na New York. Lauyan, wanda shi ne mai ba da labarin, ya zaunar da sabon ma'aikacin a nasa ɓangaren ofis, ya kafa masa dogon koren shamaki mai naɗewa, ta yadda ba zai riƙa ganinsa ba amma muryarsa za ta isa gare shi duk lokacin da ya kira. Lauyan ya gamsu da wannan dabara, yana ganin ya haɗa keɓewa da zaman tare. Mai karatu ne ke gane cewa keɓewar ta lauyan ce. An kawar da Bartleby daga ido don kada ya dami ubangidansa, an bar kunnensa a buɗe don ya karɓi umarni.

Ɗakin shiru shi ne wannan shamaki a juye: an toshe kunne, an buɗe ido. A duka biyun, wanda aka keɓe ba shi ne ya zaɓi gaɓar da za a rufe ba. Ofishin yau ba ya buƙatar ɗaga murya don kiran ma'aikaci, saƙo zai same shi a allonsa duk inda yake. Abin da yake buƙata shi ne ya gan shi, ya tabbatar yana aiki, ya san minti nawa ya yi a ciki.

Ban san nauyin wannan ba sai wata Laraba da hantsi. Wayata ta yi ƙara, na ga sunan Kawu, wanda bai taɓa kirana a lokacin aiki ba. Na tashi na shiga ɗakin shiru na ja ƙofa. Bayan mun gaisa ya ce, "Jikin Inna ne ya ɗan motsa. In da hali ki taho yau, kada ki bari sai gobe." Inna kakata ce, a hannunta na tashi. Duk wanda ya girma a gidan Hausa ya san abin da ake nufi idan babba ya ce kada a bari sai gobe. Na ce, "To, Kawu, ga ni nan tafe in Allah ya yarda." Ina ajiye wayar hawaye suka zubo. Da na ɗaga kai sai ga ofis gaba ɗaya a gabana kamar a majigi. Wasu sun sunkuyar da kai, wasu suna satar kallo, wani saurayi kuma yana tsaye da kwamfutarsa a hannu yana jiran in fito, don taronsa ya kusa farawa. Babu wanda ya ji kalma ɗaya daga abin da aka faɗa mini, kuma babu wanda bai san an faɗa mini ba. Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska. Na juya baya, na tarar bayan ma gilashi ne. A ƙarshe a makewayi na samu wurin kuka, domin shi kaɗai ne a hawan nan yake da ƙofar da ido ba ya ratsawa.

Na isa gidanmu na cikin birnin Zariya bayan la'asar, na tarar an riga an kai Inna makwancinta. A kwanakin zaman makoki na riƙa kallon gidan da sabon ido, domin an gina shi a kan fahimtar da ta saɓa wa ta ɗakin da na baro. Daga titi zaure ake fara shiga, inda maza ke karɓar gaisuwa. Sai wani fili, sai shigifa, kafin tsakar gida, kafin ɗakuna. Ƙofofin ba sa kallon juna, da gangan aka karkatar da su don kada idon mai wucewa ya zarce ciki. Sauti kuwa an bar shi ya yi yawo. Daga zaure ana jin daka, ana jin kukan jariri, kuma da murya baƙo ke neman izini, ya yi sallama ya dakata. Abin da ke kare magana a irin wannan gida, bayan kaurin bango, shi ne kawaici, wato ka ji ka yi kamar ba ka ji ba. Ba ina kiran a mayar da ofisoshin Abuja gidajen ƙasa ba ne, kuma na san wannan tsari yana da nasa tambayoyin game da wa aka ɓoye da dalilin ɓoye shi. Darasi ɗaya nake ɗauka daga gare shi: maginanmu sun san sutura mataki-mataki ce, sun kuma san ido ya fi kunne saurin tona asiri. Ɗakin shiru mataki ɗaya gare shi, ciki ko waje, kuma na cikin ma a bainar jama'a yake.

Hujjar Gilashi

Sai dai gilashin yana da tasa hujjar, kuma zai zama rashin gaskiya in ɓoye ta. Ta farko ta jiki ce. Ɗakin da bai wuce murabba'in mita ɗaya ba, idan aka rufe shi ruf da katako, mutane da yawa ba za su iya minti biyar a ciki ba. Gilashi na shigo da haske, yana barin ido ya yi nisa. Ta biyu ta fi nauyi. Ofis mai rufaffiyar ƙofa ba kullum yake zama wurin tunani ba. A bayan irin wannan ƙofa ake karɓar na goro, a bayanta ake ce wa yarinya mai neman sa hannu ta turo ƙofa ta matso. Duk macen da ta taɓa tsayawa gaban teburin wani babba tana lissafin taku nawa ne tsakaninta da mafita, ba za ta raina gilashi ba. Ta uku kuma ita ce ofishin mutum ɗaya bai taɓa zama rabon kowa da kowa ba. Lada ne na muƙami, ana auna girman mutum da faɗin kafet ɗinsa. 'Yar hidimar ƙasa irina ba a rushe mata ofis ba, domin ba ta taɓa samunsa ba. A wurin ƙaramin ma'aikaci ɗakin shiru ƙari ne, shi ne karo na farko da ya samu ƙofar da zai ja. Da babu gara ba daɗi.

Na yarda da duk wannan. Amma a lura da iyakar abin da hujjojin suka tabbatar. Sun nuna tsohon ofis yana da aibi, sun nuna ɗakin shiru ya fi babu. Ba su kai ga nuna cewa yana ba ma'aikaci abin da ofis ke bayarwa ba. Matsalar idon ma mai sauƙin gyara ce ga mai niyya. Gilashi mai dishi-dishi daga ƙugu zuwa saman kai yana nuna akwai mutum a ciki ba tare da ya baje kolin fuskarsa ba, haka ma juya ƙofar ta kalli gefe maimakon tsakiyar zaure. Inda aka ƙi yin wannan ɗan gyara, sai a san kallon ne ake so.

Ma'auni na Uku: Lokaci

Wannan ma'auni shi ne wanda labule ba ya gyarawa. A 1929 marubuciyar Ingila Virginia Woolf ta buga doguwar maƙalarta da ta yi fice, inda ta kafa hujjar cewa kafin mace ta rubuta ƙagaggen labari sai tana da kuɗin kanta, ta ƙiyasta fam 500 a shekara, da kuma ɗaki nata mai makulli. Masu karatu sukan riƙe batun ɗakin su manta da batun mallakar. A fahimtata, da shiru kaɗai take nema da ɗakin karatu na jama'a ya ishe ta. Makullin ne ke nuna buƙatar wurin da aiki zai kwana a buɗe, a dawo gobe a tarar da shi inda aka bar shi.

Wannan ne aikin ofis da ba a cika ambata ba. Ofis rumbun tunani ne. Takardun da aka baza a tebur bisa wani tsari da mai su kaɗai ya sani, da littafin da aka kife a shafin da aka tsaya, da 'yar takardar da aka manna a bango, duk ajiyar ƙwaƙwalwa ce da aka yi a waje da kai. Aikin da ke cin makonni, kamar fassara ko binciken shari'a ko tsara kasafi, yana buƙatar irin wannan shimfiɗa. A ɗakin shiru kuwa doka ta farko ita ce kada a bar komai. Ka shiga da kayanka, ka fita da kayanka. A ma'aikatarmu an manna sanarwa a ƙofa cewa kada a wuce minti 45, kuma wasu sababbin samfura suna zuwa da na'urar da ke gane akwai mutum a ciki, haɗe da manhajar kama layi. Ɗaki 2 ga mutum 40: lissafin da kansa ya nuna ba a yi nufin kowa ya zauna ba. Mai tunani a ciki yana yi ne da rabin hankalinsa a kan agogo da kuma inuwar mai jira.

Idan aka bi salsala, kakan ɗakin shiru rumfar tarho ce, irin jajayen nan na titunan Landan da Giles Gilbert Scott ya zana a shekarun 1920: wurin tsayuwar mutum ɗaya, gilashi kewaye, wani yana jira a waje. Wayar hannu ta kashe rumfar tarho a titi, ta mayar da kowa mai waya a ko'ina, sannan hayaniyar da ta haifar ta dawo da rumfar cikin ofis. Babu wanda ya taɓa kiran rumfar tarho mazauni.

Jikin ɗakin ma yana faɗar haka. Duk abin da ya toshe sauti ya toshe iska. Iskar da ke cikin ɗakin mutum ɗaya kimanin lita 2,000 ce, alhali numfashin da mutum ke fitarwa yana ɗauke da kusan kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon, kusan ninki ɗari na abin da ke cikin iskar waje. Shi ya sa ake sa wa kowane ɗaki fanka mai zuƙo iska daga zaure. Fankar ba ta sanyaya komai, iskar da ta tarar take juyawa. A Tampere wannan ƙaramin lamari ne. A Abuja cikin watan Maris, idan aka ɗauke wuta janareta bai tashi da wuri ba, 'yan mintoci sun isa mutum ya fito sharkaf da gumi.

To me ya sa kamfanoni ke ƙaunarsa haka? Amsar tana wurin akanta. Bango gini ne: yana buƙatar izinin mai bene, da magina, da sake tsarin wayoyin wuta da hanyoyin iska, kuma ranar da haya ta ƙare sai a bar shi ko a biya kuɗin rushe shi. Ɗakin shiru kuwa kayan ɗaki ne kamar kujera. Ana haɗa shi cikin 'yan sa'o'i, ana kwance shi a tafi da shi, ana iya sayar da shi. Ko da farashinsa ya kai dubban daloli, ya fi arha a kan ba mutum goma ɗaki goma a unguwar da ake lissafin haya da murabba'in mita. Sauƙin ɗauka da ake yabonsa da shi gaskiya ne, amma kamfani ne ke cin moriyar sauƙin. Ɗakin da aka ƙera don a tashe shi kowane lokaci ya yi daidai da ma'aikacin da aka ɗauka da kwantiragin wata shida. Kayan aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

Kammalawa

Hukuncina shi ne ɗakin shiru kyakkyawan kayan aiki ne da aka ɗora wa da'awar da ta fi ƙarfinsa. A matsayin wurin amsa waya, da taro ta allo, da ɗan lokacin natsuwa, ya cancanci kuɗinsa, kuma ma'aikatar da ta tara mutum 40 a zaure ɗaya ba tare da irinsa ba ta tauye musu haƙƙi. A matsayin magajin ofis kuwa bai cika sharaɗi ba, tunda ba ya suturta fuska kuma ba ya riƙe aiki ya kwana. Haɗarinsa shi ne ya zama uzurin ci gaba da matse mutane. Idan ma'aikaci ya koka da hayaniya sai a nuna masa kusurwa, tambayar ko ya dace a zaunar da mai fassara da mai amsa wayar abokan ciniki a tebur ɗaya kuma ta bi ruwa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Abin da zan nema daga mai tsara wurin aiki bai da yawa. Ya fara da tambayar irin aikin da ake yi a wurin. Ya ware ɗakuna na gaske masu bango, waɗanda za a riƙa bayarwa bisa buƙatar aiki, mako biyu ko wata guda, ba tare da duba muƙami ba. Ya ajiye aƙalla ɗaki ɗaya da ido ba ya ratsawa, wanda kowa ke da ikon shiga, mai shayarwa ce ko mai ciwon kai ko wanda aka yi wa kiran da ba a so. Bayan wannan sai ya jera ɗakunan shiru iya ƙarfin aljihunsa.

Na koma aiki bayan sadakar bakwai. Saurayin nan da ya tsaya da kwamfuta a hannu ya same ni ya yi mini ta'aziyya, ya ce tun ranar yake jin kunyata, don ya rasa inda zai kai idonsa. Na ce masa ba laifinsa ba ne. Bayan mako biyu sai na ga an manna farar takarda mai faɗi a gilashin ɗaya daga cikin ɗakunan, daidai tsayin fuskar wanda ke zaune. Masu kula da gini suka cire ta, washegari aka manna wata. Har na gama hidimata ana wannan ja-in-ja, kuma mai mannawar bai taɓa bayyana kansa ba.